Gandun Dabbobi a Bayan Gidan Sarki

Soron Ɗinki tana cikin ƙwaryar birnin Kano, kusa da Gidan Rumfa, kuma 'yar tafiyar ƙafa ce tsakaninta da gidan yarin Kurmawa. Wanda ya tashi a unguwa irin wannan ba labarin mulki ake ba shi ba, da idonsa yake gani. Ta gabansa hawan Sallah ke wucewa, ta gabansa kuma ake wucewa da ɗaurarre. Shi ya sa idan samarin yanzu suka ce ƙasar nan ta koma Gandun Dabbobi, ko suka ambaci ɗaya littafin marubucinsa George Orwell mai suna 1984, maganar ba ta zama baƙuwa a kunnen dattawan wajen. Sai dai tana buƙatar a bi ta a tsanake, domin zalunci suna ya tara. Akwai azzalumin da abin hannunka kawai yake so, da durƙusonka. Akwai kuma wanda ba ya ƙoshi sai ya mallaki bakinka, ya sauya maka abin da ka sani ya faru jiya, ya sa ka ƙaryata idonka. Wannan na biyun shi marubutan ƙarni na 20 suka zana a ƙagaggun labaransu na mummunar makoma. Na farkon Kano ta sha shi har ta gaji. Na biyun an sha ɗanɗana mata shi gutsure-gutsure, amma bai taɓa samun gindin zama ba.

Daga Dala zuwa Kumbari

Abin da muke da shi game da farkon garin ya zo ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, Bature H. R. Palmer ya fassara shi a 1908. A ciki aka ce Barbushe na Dala shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, duk wanda ya shiga ba shi ba sai ya mutu, idan ya fito kuma ya shaida wa jama'a abin da zai same su a shekara mai zuwa. Wannan ruwaya ce ta kaka da kakanni, babu takarda daga zamaninsa, haka nan shekarar 999 da ake ba zuwan Bagauda lissafi ne da aka yi daga baya. Amma ko a ruwayar ana ganin wani abu: ikon Barbushe bai dogara da takobi ba, ya dogara ne da cewa shi kaɗai ya san gobe.

Da zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ƙafar tarihi ta fara taka ƙasa sosai. Shi ya gina gidan sarautar da unguwarmu ke maƙwabtaka da shi, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, a lokacinsa kuma Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan mulki. Abin da malamin ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya shige bayan labule talakawa su kasa ganinsa. Shekara ɗari huɗu da hamsin bayan haka Orwell ya ƙaga shugaban da hotonsa ke kowace kusurwa amma babu wanda ya taɓa haɗuwa da shi.

A ƙarni na 18 nauyi ya ƙaru. Yaƙe-yaƙe da Zamfara da Gobir sun sa ana buƙatar dawaki da bindigogi, su kuma kuɗi suke ci. Tarihin Kano ya lissafa sababbin hanyoyi bakwai na tatsar jama'a a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, har da kuɗin da ake karɓa idan budurwa za ta yi aure. Magajinsa Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya matsa wa Kurmi da haraji har kasuwar ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai ma. Me ya biyo baya? Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka gudu ƙauye. A nan iyakar tsohon zalunci take. Sarki yana da dogarai da barade, amma ba shi da sunan kowa a rubuce, daji kuma yana da faɗi. Talakan da aka ƙure yana da ƙafa. Duk wani mulkin kama-karya da ya so ya zama cikakke, abu na farko da yake yi shi ne toshe wannan ƙofa.

1804 zuwa 1903

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804 da ƙorafi a rubuce. Littafin Kitabul Farƙi ya jera abin da ake tuhumar sarakunan lokacin da shi: jangali, da gaisuwar da ke sayen shari'a, da ƙwace a kasuwa, da tara matan da suka wuce iyaka. Aka kori Sarki Alwali, aka kashe shi a Burumburum a 1807, Malam Sulaimanu ya zama sarki.

Akwai wani labari a Tarihin Kano da ya kamata duk mai karanta Gandun Dabbobi ya sani. An ce manyan jama'ar jihadi sun hana Sulaimanu shiga Gidan Rumfa da farko. Hujjarsu ita ce idan suka zauna a gidajen sarakunan da suka kora, suka haihu a ciki, 'ya'yansu za su tashi da halin mutanen gidan. Wani daga cikin tsofaffin Kanawa kuma ya ce masa muddin bai shiga ba, ba a ɗauke shi sarki ba. Sai da aka kai maganar gaban Shehu, ya ba da izini, sannan ya shiga. Ba ina haɗa bayin Allah da dabbobin tatsuniya ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne tsoron da Orwell ya gina littafinsa a kai, wato masu korar azzalumi su tare a ɗakinsa su gaji halinsa, malaman Kano sun riga shi jin sa da fiye da shekara ɗari.

Kuma ba su kaɗai ba. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ga yadda wasu abokan gwagwarmaya suka karkata ga neman sarauta da dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar. A Kano aka tsayar da shi, ya karantar, ya rubuta Liya'ul Hukkami don a san ƙa'idar mulki, sannan ya koma. Da Ibrahim Dabo ya hau a 1819 ya tarar da tawaye ta ko'ina, sai ya farfaɗo da tsofaffin sarautu da tsarin fada don ya riƙe ƙasa. Ya riƙe ta kuwa, Kano ta bunƙasa da rini da saƙa da fatauci. Amma kafin ƙarnin ya ƙare, jikokinsa sun zubar da jinin juna a Basasar 1893 zuwa 1895, Tukurawa da Yusufawa, a kan gadon gidan nan da aka yi gardamar shigarsa.

Takarda ta iso

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila suka fasa ganuwar Kano, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Suka naɗa Abbas, Alu ya ƙare rayuwarsa a Lokoja. Turawa ba su rushe sarauta ba, ƙarfe suka sa mata. Suka tura hakimai su zauna a gundumomi, suka kafa Baitulmali, suka ƙidaya magidanta da shanu, aka gina gidan yarin Kurmawa a 1910, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Daga nan haraji ya daina zama abin da gari ke haɗawa a dunƙule, ya koma suna a littafi da 'yar takarda a aljihu. Dattawa suna ba da labarin yadda mutum kan naɗe takardar harajinsa a cikin hula ko a laya, domin a bakin kasuwa ana iya tare shi a ce ya nuna, wanda ba shi da ita kuma ya wuni a rana a ƙofar mai unguwa. Ƙaura ta daina warkar da ciwon, tunda duk inda ka je wani dagacin yana da nasa littafin. Ga kuma ɗiban gwamna, wanda ya kai maƙura a 1942 zuwa 1944 lokacin da aka kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Tunani ma an fara sa masa ido: a 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu bisa zargin Mahadiyanci, aka kai shi Buea a Kamaru.

A daidai waɗannan shekaru wani saurayi Bature mai suna Eric Blair yana aikin ɗan sanda na wannan daular a Bama, daga 1922 zuwa 1927. Ya ajiye aikin yana ƙyamar abin da ya gani da abin da aka sa shi ya yi. Shi ne daga baya ya ɗauki sunan George Orwell.

Inda labaran suka samo asali

A 1917 aka kifar da sarautar Rasha da sunan ma'aikata da manoma. Ba a yi shekara biyar ba wani marubucin ƙasar, Yevgeny Zamyatin, ya ƙaga labarin wata ƙasa inda mutane ba su da suna sai lamba, suna zaune a gidajen gilashi don kada wani ya ɓuya. Ba a yarda an buga shi a ƙasarsa ba sai 1988. Abin da ya hango kuwa ya zo da wuri. A 1932 gwamnatin Stalin ta fito da takardar izinin tafiya a cikin gida, ta hana manoma ita, ga yunwa tana cin miliyoyi a Yukren da Kazakistan, ba dama mutum ya bar ƙauyensa ya nemi abinci. Ƙofar da talakawan Kumbari suka bi suka tsira, an kulle ta. A 1937 da 1938 kaɗai, bisa takardun 'yan sandan ciki na ƙasar, an harbe kimanin mutum 680,000. Shi kansa Yezhov da ya jagoranci kisan, da aka gama da shi aka kashe shi, aka goge shi daga hoton da ya ɗauka tare da Stalin a bakin ruwa, ya zama ruwa ne kawai a gurbinsa. Trotsky, wanda ya gina rundunar juyin, aka kore shi, aka ɗora masa laifin duk wata ɓarna, aka bi shi har Meziko aka kashe a 1940.

Orwell ya ɗanɗana wannan da jikinsa a yaƙin basasar Sifen. Ya je taimakon masu yaƙar Janar Franco, harsashi ya huda masa wuya a Mayun 1937, bai gama warkewa ba magoya bayan Stalin suka haramta ƙungiyar da yake ciki suka ce maciya amana ce, da ƙyar ya tsallake iyaka. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne jaridu, yadda suke ba da labarin faɗan da ba a yi ba, su yi shiru kan wanda aka yi. Daga nan littattafan biyu suka fito. Na dabbobin ya fito a Agustan 1945 bayan maɗaba'u da dama sun ƙi shi, saboda Stalin abokin yaƙin Ingila ne a lokacin. Na biyun ya fito a Yunin 1949: ma'aikaci ne da sana'arsa ita ce gyara tsofaffin jaridu su dace da ƙaryar yau, a ƙasar da akwatin bango ke kallon mai ɗaki, yara ke kai ƙarar iyayensu, ana kuma rage kalmomin harshe da gangan don a rasa bakin yin gardama. Ba ƙari ya yi ba. Da aka kashe Beria, magajin Yezhov, a 1953, masu kundin ilmi na Tarayyar Sobiyat sun aika wa masu littafin sababbin shafuka kan tekun Bering, suka ce a yanke na Beria a liƙa waɗannan.

Gaskiya ɗaya da ba a cika faɗa ba: gwamnatin Ingila ta ba da kuɗi an fassara labarin dabbobin zuwa harsuna da yawa don yaƙar gurguzu, hukumar leƙen asirin Amurka kuma ta biya kuɗin fim ɗinsa na zane a 1954. Suna raba wa duniya littafin 'yanci, a Kano kuwa ga abin da ake yi a ƙarƙashin tutarsu.

1950: Sawaba

Orwell ya mutu a Janairun 1950. Ranar 8 ga Agusta na wannan shekara mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye koyarwa a Maru ya shigo, ya zama shugaba a 1953. A wannan zamani ne, a ganina, Kano ta fi kusantar abin da littattafan nan ke faɗa, kuma ba don yawan jinin da aka zubar ba. Dalilin shi ne komai ya taru a hannu ɗaya. Ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari na En'e ne, mai ba da izinin taron siyasa En'e ce, mai yanka haraji da mai ba da rumfa a kasuwa duk ita ce. Lauya ba ya shiga kotun alƙali. Mutum zai yi lacca da la'asar, kafin magariba an ce ya zagi sarki, washegari yana Kurmawa an aske masa kai. A zaɓen 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko a birni, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai aka wayi gari ba ta da ko kujera ɗaya daga Kano. A 1953 aka ga 'Yan Mahaukata, gungun 'yan sara da ke far wa duk wanda aka sani da Sawaba. Hajiya Gambo Sawaba ta zo daga Zariya tana wayar da kan mata, aka ɗaure ta, aka kore ta daga garin.

Abin da ya fi ɗauri ciwo shi ne sunan da aka liƙa musu: marasa kunya, marasa tarbiyya, maƙiya addini. Tsofaffin 'yan NEPU suna ba da labarin waɗanda aka matsa wa surukansu su raba aure, da waɗanda aka ƙaurace wa sunansu da jana'izarsu. Wannan ya wuce neman haraji. Neman a cire mutum daga cikin mutane ne.

To me ya hana abin cika? Na farko, waƙa. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da irinsu sun zuba ƙorafin cikin baiti, mutanen da suka saba haddar allo suka haddace. Ana iya ƙwace takarda, ba a bincike a ƙirji. Na biyu, zaure. Maɗinki yana zaune da allura da zare a kan wuyan babbar riga, kansa a sunkuye, abokan hira uku ko huɗu a gefe, magana tana tafiya ƙasa-ƙasa, baƙon ido na shigowa ta koma kan tsadar shadda. Na uku, rediyo: daga 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, babu gwamnatin da ta sake zama ita kaɗai ke faɗin abin da ya faru. Tsarin kuma ya juyo kan nasa, don a 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken Bature Muffett, aka kai shi Azare.

1975 da 1984

Bayan juyin mulkin 1966 soja suka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Talaka ya yi murna, ya kuma cancanci ya yi. Sai dai ikon da aka karɓe daga fada bai dawo hannunsa ba, bariki ya koma. Aska aka sake wa rigar, yadin na da ne.

A 1975, shekarar da Janar Murtala ɗan Kurawa ya hau mulki, Bala Abdullahi Funtua ya fito da Gandun Dabbobi da Hausa. Ya yi hikima da bai bar labarin a Ingila ba. Mai gandun ya zama Nomau, shugaban da ya ƙwace juyin ya zama Maitumbi, wanda aka kora Ɗantulu, sarkin baki mai mayar da fari baƙi Karambana, doki mai aiki ba ƙorafi kuma Akawal. Ɗalibin da bai taɓa jin sunan Trotsky ba ya gane kowa a ciki. Ba a jima ba ma ya ga misali a gida. PRP ta ci Kano a 1979, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, abin da aka sha ɗauri a kansa shekara talatin. Cikin shekara biyu jam'iyyar ta tsage gida biyu, santsi da taɓo, kowane ɓangare na kiran ɗaya maci amana. Ranar 10 ga Yuli 1981 aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad a gidansa. Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983 bai ga an ɗinke ɓarakar ba.

Sannan shekarar littafin ta zo da kanta. Soja suka dawo a ranar ƙarshe ta 1983 ƙarƙashin Janar Buhari, kuma ba za a ɓoye ba, Kanawa da yawa sun yi maraba, don 'yan siyasa sun ƙure haƙurin mutane. A Maris 1984 aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Waɗanda suka ga lokacin suna tuna layin sayen madara da sukari da omo, soja na zagayawa da bulala, magidanci mai furfura yana tsallen kwaɗo riƙe da kunnuwansa don ya makara zuwa ofis. Doka ta 2 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a. Doka ta 4 ta sa rubutun da ya kunyata jami'in gwamnati ya zama laifi, da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Aka rufe iyakokin ƙasa a Afrilu saboda canjin kuɗi, suka daɗe a rufe, fatauci tsakanin Kano da Maraɗi ya tsaya a shekarar fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar sunan El-Buhari. Maƙwabcin Soron Ɗinki ma bai tsira ba: da Sarki Ado Bayero da Ooni na Ife suka ziyarci Isra'ila, aka hana su fita daga ƙasarsu wata shida. A Afrilun 1985 aka harbe mutum uku kan miyagun ƙwayoyi da dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama da dokokin da ake sauyawa cikin dare a bangon gandu, dabbobi su tashi su tarar rubutu ya ƙaru. Mulkin bai wuce wata ashirin ba, abokan tafiyarsa suka kifar da shi a Agustan 1985.

Ɗan gida

Babangida ya zo da murmushi. A 1989 ya rushe ƙungiyoyin siyasa goma sha uku da suka nemi rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, gwamnati ta rubuta musu manufa ta gina musu ofisoshi. Duk da haka ranar 12 ga Yuni 1993 Kanawa suka zaɓi Abiola a kan ɗansu Bashir Tofa, aka soke zaɓen.

Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba 1993. Magana a kansa tana da nauyi a Kano, domin ɗan gari ne, a nan kabarinsa yake, filin wasa na Ƙofar Mata sunansa yake ɗauke da shi, kuma akwai masu tuna tituna da magungunan PTF da zaman farashin kaya. Ban raina wannan ba. Amma abin da ke rubuce yana nan. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a Afrilun 1996. An harbe Kudirat Abiola a titin Legas a Yunin shekarar. Shehu Musa 'Yar'aduwa ya mutu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. Ɗan jarida Bagauda Kaltho ya ɓace, iyalinsa suka yi ta cigiya, sai a 1998 hukuma ta ce wai shi ne ya mutu da bam a otal ɗin Durbar na Kaduna tun Janairun 1996, abokan aikinsa kuma suka ƙi yarda. Ɓatar da mutum sannan a rubuta masa wani ƙarshe dabam, wannan aikin ma'aikatar da ke cikin 1984 ne.

A watannin ƙarshe abin ya koma wasan kwaikwayo na dole. Manya suka riƙa maƙala bajo mai hoton Janar a ƙirji. A Maris 1998 aka yi gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu a Abuja, ana roƙonsa ya zarce. A Afrilu jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista, waɗanda Bola Ige ya kira yatsu biyar na hannun kuturu, duk suka tsayar da shi ɗan takara. Rimi da Sule Lamiɗo, da suke cikin waɗanda suka rubuta masa cewa bai dace ba, aka tsare su. Ranar 8 ga Yuni 1998 ya mutu, aka kawo shi Kano aka binne a ranar. Tsarin ya watse nan take, domin ba a kan aƙida aka gina shi ba, a kan tsoro da kuɗi ne. Kuɗin kuwa har yau ana dawo da su, Suwizalan kaɗai ta amince da mayar da dala miliyan 321 a 2017. A nan Abacha ya bambanta da Stalin: ya iya sa mutane su yi shiru, ya iya sa su tafa, amma a zaure bayan sallar isha'i ba wanda ya yarda da abin da ya tafa wa.

Bayan 1999

Mulkin farar hula bai kawo ƙarshen sha'awar riƙe baki ba. An kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, abin da ke tuna wa mai karatu labarin Ray Bradbury na 1953 kan ƙasar da 'yan kwana-kwana ke ƙona littattafai. A ƙarshen 2008 aka ɗaure mai shirya fim Hamisu Iyan Tama. Iyayen da suka goyi bayan wannan damuwarsu gaskiya ce, sun ga abin da ke shiga ɗakin 'ya'yansu mata. Amma da yawa daga littattafan nan mata ne suka rubuta su, kan auren dole da kishi da saki, kuma wuta ba ta bambance mai kyau da maras kyau. Ranar 9 ga Maris 2020 unguwannin da ke kewaye da fada suka sake ganin an fitar da sarki, Muhammadu Sanusi na biyu, jikan wanda aka kai Azare, aka nufi Nasarawa da shi, a 2024 wata gwamnatin ta dawo da shi.

Abin da ya sauya da gaske shi ne zauren. Hirar da a da take tashi da iska yanzu a waya ake yin ta, wayar tana da lamba, lambar kuma tun Disambar 2020 an ce a haɗa ta da lambar ɗan ƙasa. Akwatin da Orwell ya ce gwamnati za ta kafa a bango da ƙarfi, mu muke saye da kuɗinmu mu kwana da shi a gefen matashi. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina a Satumbar 2021. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala ashirin-ashirin kan barkwancin da suka yi wa gwamna a TikTok. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 aka kwashi mutane daga Kano da maƙwabtanta zuwa Abuja, cikinsu da ƙananan yara, aka tuhume su da cin amanar ƙasa. Ranar 1 ga Nuwamba aka fito da su gaban kotu bayan kusan wata uku a tsare, a rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi. Wani ya ɗauka da waya, kafin dare hoton ya shiga kowane gida, har da gidajen iyayen da ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Kwana uku bayan haka shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar, aka miƙa na Kano ga gwamnan jiharsu ya dawo da su gida.